Idan Ɗan Aike Ya Ƙaryata Idonsa, Alhakin Wa?

Duk wanda ke neman abin da hannunsa bai isa gare shi ba, tilas ya nemi wakili. Mutanen Sabo ta Ibadan, unguwar da aka kafa a 1916, sun daɗe da sanin haka. Falke daga Arewa kan damƙa shanunsa ga maigida, dillalan maigidan su sayar wa mahauta bashi, shi kuwa ya tsaya lamuni. Abner Cohen ya nuna a littafinsa na 1969 cewa amana ce ta riƙe wannan fatauci. In mahauci ya ci kuɗi, wuyan maigida ake kamawa, domin shi ya zaɓi dillalin, shi kuma ya koya masa wanda zai yarda da shi. Abin da muke son dubawa a nan shi ne: idan wakilin na'ura ce, wa ke biyan bashin?

Tsakaninmu da wata akwai kimanin kilomita 384,000, saƙo kuwa kan ɗauki daƙiƙa biyu da rabi kafin ya je ya dawo. Kumbon da ke gangarowa da gudu ba zai jira umarni daga ƙasa ba, don haka ake sakar masa ragama ya sauke kansa. Idonsa shi ne hasken leza. Yakan cilla hasken ƙasa, ya ƙidaya lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo, daga nan kwamfutarsa ta gane tazarar da ta rage.

A watan Afrilu na 2023, kumbon Hakuto-R na kamfanin ispace na Japan ya ratsa ta saman gaɓar wani rami mai zurfin kusan kilomita 3. Na'urar awonsa ta ba da labarin cewa tazara ta ƙaru farat ɗaya, kuma gaskiya ta faɗa. Amma kwamfutar ta ɗauka na'urar ce ta lalace, ta daina sauraron ta. Kumbon ya zaci ya sauka alhali yana kimanin kilomita 5 a sama, ya yi ta ƙona mai har ya ƙare, sannan ya faɗo ya tarwatse.

Wani zai ce ai kwamfutar ta yi hankali, tunda na'urori kan yi ƙarya, kuma wakilin da ke haɗiye duk abin da ya ji ba wakilin kirki ba ne. Mun yarda da wannan. Sai dai mutane ne suka shata mata iyakar abin da za ta gaskata. Binciken kamfanin ya nuna an sauya wurin sauka bayan an kammala duba tsarin kumbon a 2021, ba a kuwa gwada sabuwar hanyar yadda ya kamata ba. Haka ma a Fabrairun 2024, kumbon Odysseus na Amurka ya isa wata idanunsa na leza a rufe, saboda an manta da buɗe wani makunnin kariya kafin a harba shi. Ya sauka da ƙarfi, ya karya ƙafa, ya karkace.

Na'ura ba ta da niyya, ba ta jin kunya, ba a kai ta gaban alƙali. Abin da muke kira shawararta, shawararmu ce da muka yanke tun da wuri muka ɗaure mata a wuya. Saboda haka muna ganin hukuncin Sabo bai tsufa ba: wanda ya aika shi ke da alhaki, komai nisan wurin da ɗan aikensa ya yi ɓarna. Darasi na biyu kuwa namu ne, malamai da iyaye. Idan muka horar da na ƙasa da mu su yarda da abin da muka zata kaɗai, ranar da idonsu ya nuna musu gaskiyar da ba mu shirya mata ba, idon za su ƙaryata.