Kwanduna Goma Sha Biyu

Karatu: Yohanna 6:1-13, Littafin Firistoci 19:9-10

Kaka ta yi, ekklesiyoyinmu suna shirin sujadar godiya. Za mu kawo dawa da masara da doya gaban bagadi, mu raira waƙa, mu ce Allah ya ciyad da mu. Daidai ne. Amma kafin mu ɗauki damin godiya, bari mu leƙa bayan gidajenmu tukuna, mu ga abin da muke zubarwa a juji.

Mun san labarin da Yohanna ya rubuta. Ubangiji ya ciyad da maza wajen 5,000 da gurasa 5 da kifi 2 na wani yaro. Da kowa ya ƙoshi, ya umarci almajiransa su tattara gutsattsarin da suka rage domin kada wani abu ya lalace, suka cika kwanduna 12. Ku duba fa. Shi wanda yake da iko ya riɓanya gurasa duk lokacin da ya ga dama bai yarda a tattake ragowa cikin ciyawa ba. In Mai-bayarwa ya yi tattali haka, mu masu karɓa wane hanzari ke gare mu?

A shekara ta 2011 hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa wajen kashi 1 cikin 3 na abincin da ake nomawa a duniya yana salwanta, ba ya shiga bakin kowa. Ba sai mun tafi nesa mu ga wannan ba. Wanda ya bi ta Bakin Dogo ko kasuwar Kawo lokacin da tumatir ya yi yawa ya ga kwandunan da suka ruɓe saboda zafi da nisan hanya. Wannan hasarar manomi ce da ɗan kasuwa. Amma akwai ɓarnar da take tamu. A bikin aure da na Kirsimati mukan dafa shinkafa fiye da bakunan da za su ci, don kada a ce mun gaza. Kashegari a juye tukunya a kwata. Sau da yawa girman kai ne muke sa wa sunan karamci.

A unguwannin da muke zaune, Kawo da Malali da Unguwar Rimi da Badarawa, akwai gwauraye mata da marayu, akwai waɗanda tashin hankali ya koro daga ƙauyukansu, akwai almajirai da ke tsayawa a ƙofarmu da ƙoƙo. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, gidaje da yawa sun rage awo. Maƙwabtanmu, Musulmi da Kirista, suna ganin abin da ke fita daga gidanmu. Shaidarmu ba a bakinmu kaɗai take ba.

Shari'ar Musa ta hana mai gona ya girbe har gefen gonarsa, ta ce a bar kala domin matalauci da baƙo. Da wannan kala Rut ta ciyad da surukarta a Baitalami. Ta kuma ce ƙasa ta huta a shekara ta 7. Watau gona amana ce a hannunmu, kamar yadda aka sa Adamu cikin gonar Adnin ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. Mun iya noman, amma kiyayewar fa?

Abinci ba shi da tabbas. A 2016 tsutsa ta cinye gonakin tumatir na Jihar Kaduna har gwamnati ta yi shelar halin gaggawa. A 2023 cuta ta ruɓar da citta a Kaciya da Jaba da Kagarko, 'yan'uwanmu da yawa suka rasa wahalar shekara. Yusufu ya ajiye kashi 1 cikin 5 na hatsin Masar a shekarun ƙoshi, ya ceci al'umma. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ga misali kuma daga Maradi. A 1983 wani ɗan mishan na SIM, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da manoma suke sassabewa kowace shekara suna da rai a ƙarƙashin ƙasa. Aka fara barin reshe kaɗan masu ƙarfi su girma, ana datse sauran. Da haka itatuwa wajen miliyan 200 suka komo gonakin Nijar. Gawo yakan zubar da ganyensa da damina, ya zama taki, ba ya kuwa yi wa gero inuwa. Ba kuɗi aka kashe ba, ido ne Allah ya buɗe.

To, me za mu yi? Bari kowane gida ya ɗauki waɗannan alkawarai a gaban Ubangiji.

1. Za mu auna kafin mu dafa. Tuwon da ya kwana ya zama ɗumame, kamar yadda iyayenmu suka yi ba da kunya ba.

2. A kowane biki za mu sa mutum biyu daga zumuntar mata da ta matasa su raba abin da ya rage tun yana da zafi, cikin kwano mai tsabta, ba tare da tambayar addinin mai karɓa ba.

3. Lokacin araha za mu shanya tumatir da kuɓewa da tattasai. Wake kuwa mu zuba shi cikin buhu mai ruɓi uku wanda ba ya shan iska, gama ƙwari sukan mutu a ciki ba da magani ba. Mu tuna a 2015 ƙasashen Turai sun hana shigar da wakenmu saboda yawan maganin ƙwari a cikinsa. Abin da baƙo ya ƙi, kada mu ba 'ya'yanmu.

4. Ɓawo da dusa da toka ba shara ba ne. Mu ba dabba, ko mu tara a rami su zama taki.

5. Masu gona a ƙauye, kada mu ƙone karan gona. Mu bar itace ya tsaya, mu shuka wake ko gyaɗa bayan masara don ƙasa ta farfaɗo.

6. In mun sayi kayan lambu wurin masu noman fadama a bakin Kogin Kaduna, kada mu matse su a ciniki har su faɗi.

Wani zai ce, ragowar tukunyata me za ta ƙara? Da yayyafi kogi kan cika. Almajiran ma ɗai-ɗai suka tsinci gutsattsarin har kwanduna suka cika.

Mu yi addu'a. Ya Uba, kai ne kake ba mai shuka iri, kake ba mai ci abinci. Ka gafarta mana ɓarnarmu. Ka koya mana tattali marar rowa, ka sa mu riƙe ƙasarka da aminci, domin na baya su tarar da ita da albarka. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.