Kashe Fitila Ma Sunna Ce

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, wata safiya ina kan hanyata ta zuwa makaranta, na ƙirga gidaje goma sha ɗaya a layi guda waɗanda ƙwan lantarkinsu na ƙofar gida ke ci, alhali hantsi ya riga ya dubi ludayi. Da na isa masallacin bakin hanya sai na tarar da fanka huɗu suna ta juyawa, babu kowa a ciki sai tabarmi. Wannan shi ya sa na jingine darasin da na yi niyya a wannan mako, domin mu yi magana a kan wutar da muke ƙonawa a gidajenmu, ta itace ce ko ta gawayi, ta kananzir ce ko ta gas ko ta lantarki.

Wani zai ce ina ruwan filin addini da kuɗin wuta? To, ruwansa ne ƙwarai. Allah Maɗaukakin Sarki ya lissafa wuta a cikin ni'imominsa a Suratul Waƙi'a, aya ta 71 zuwa ta 73, inda ya tambaye mu ko mu ne muka halicci itaciyar da muke samun wuta daga gare ta. Kowace ni'ima kuwa abin tambaya ce ranar gobe. A Suratul A'arafi, aya ta 31, ya halatta mana ci da sha, ya hana ƙetare iyaka, kuma a Suratul Isra'i, aya ta 26 da 27, ya danganta almubazzarai da shaiɗanu. Masana harshen Larabci sun ce kalmar "tabziri", wadda daga gare ta muka sami "almubazzaranci", tushenta ɗaya da watsa iri. Manomi yana watsa iri ne a gonar da ya share, shi kuwa almubazzari a kan dutse yake watsa nasa. Fitilar da ke ci a ɗakin da babu kowa tana cikin wannan babi.

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umurni a kashe fitilu lokacin kwanciya, a rufe ƙofofi, a rufe ƙoren abinci da na sha. Sun kuma ruwaito daga Abu Musa Al'ash'ari cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, da labari ya kai ga Annabi sai ya bayyana cewa wuta abokiyar gaba ce, a kashe ta in za a yi barci. Gaskiya ne malamai sun ce dalilin umurnin shi ne tsoron gobara, domin ɓera kan ja lagwani ya cinna wa gida wuta, saboda haka fitilar da aka amince da ita ba ta shiga hanin. Amma kowa ya san gobara nawa ake yi a kasuwanninmu da gidajenmu saboda dutsen guga ko abin dafa ruwa da aka bari a jone, aka ɗauke wuta, aka manta, sannan aka maido ta da tsakar dare. Dalilin yana nan bai gushe ba, an dai canja masa kama. Wanda ya saba zagaya gidansa kafin ya kwanta, ya kashe abin da ba a bukata, ya zare abin da ke jone, ya sami ladan bin sunna, ya kuma rage wa aljihunsa nauyi.

Ga wani ɗan lissafi. Tsohon ƙwai mai zafi na wat 60, in ya ci awa 10 kullum, zai sha yunit 18 a wata. Ƙwan LED na wat 9, wanda haskensa ya yi kusan daidai da na wancan, yunit 2.7 kaɗai zai sha. A watan Afrilun 2024, an kai kuɗin yunit ɗaya Naira 225 ga masu rukunin Band A. A bisa wannan farashi, ƙwai ɗaya ya tashi Naira 4,050 a wata, ɗayan kuwa Naira 600 da 'yan kai. Mai ƙwai goma a gidansa sai ya ninka da kansa.

Akwai wata magana da nake yawan ji, ita ce ta fi damuna. Sai mutum ya ce, ai ni ba ni da mita, kuɗin ƙiyasi ake kawo mini, ko na kashe ko ban kashe ba abin da zan biya ɗaya ne. Ya ɗan'uwa, zaluncin da kake ganin an yi maka ba ya halatta maka ka zalunci wani. Taransifomar unguwa tana da iyakar abin da take ɗauka. Kai ka kunna komai don huce haushi, ita kuwa ta ƙone, maƙwabcinka tela da mai niƙa da matar da ke sayar da ƙanƙara su yi wata biyu a zaune ana karo-karon gyara. Hakkin maƙwabtaka ke nan ka ci. Shi kuwa wanda ya zagaye mita ya ja waya ta bayan gida, sunan abin da ya yi sata, ko da a sahun farko yake salla. An ruwaito cewa Halifa Umar ɗan Abdul'aziz yakan kashe fitilar baitulmali ya kunna tasa idan magana ta koma kan sha'anin gidansa. Ladanai da 'yan kwamitin masallatai su lura, fanka da lasifika da man janareto na masallaci dukiyar jama'a ce, amana ce a hannunsu.

Sai mu koma madafa, inda mafi yawan gidajenmu suka fi ƙona dukiya, musamman tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin dakon itace da gawayi da gas ya hau. Murhun duwatsu uku da muka gada, mafi yawan zafinsa iska ce ke kwashewa. Idan aka kewaye shi da yumɓu, aka bar ƙofa ɗaya ta itace da 'yar kafar hayaƙi, damin da ke ƙarewa da wuri sai ya daɗe. Ɗanyen itace asara ce biyu, wani ɓangare na wutar yana tafiya wajen busar da shi, hayaƙin kuma ya shiga idon uwargida da ƙirjin goyonta. A rufe tukunya da murfi, wannan ma yana kusa da umurnin rufe ƙwarya da ya gabata. A jiƙa wake tun dare. A gama yanka da daka da jajjage kafin a hura wuta, kada tukunya ta zauna tana jiran mai girki. Ruwa in ya tafasa ba ya ƙara zafi komai yawan itacen da aka tura, saboda haka a janye wasu. Kakanninmu mata in sun sauke tuwo sukan zare bakin wuta su yayyafa masa ruwa su ajiye don gobe, garwashin kuma su ɗora ruwan wankan yara. Yau sai ka ga an bar itace yana ci har ya zama toka don ƙyuya. Wanda ya ga farin 1973 da abin da ya biyo baya, ya kuma ga yadda motocin itace ke ƙara nisa cikin daji kowace shekara, ba ya bukatar a gaya masa inda wannan toka take fitowa.

Shinkafa ko wake in sun tafasa sosai, ana iya sauke tukunyar a rufe, a naɗe ta da tsohon bargo a sa a kwando, sai ta ƙarasa nuna da zafinta. Randa da tulu kuma ba su tsufa ba. Marigayi Malam Muhammad Bah Abba, malami a Jihar Jigawa, ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000 saboda yaɗa dabarar sa tukunyar ƙasa cikin wata, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, kayan miya su yi kwanaki ba su lalace ba. Mai firiji kuwa ya daina buɗe shi kowane lokaci, kada kuma ya sa abinci da zafinsa.

Game da ruwan zafi lokacin hunturu, Anas ɗan Malik ya ruwaito cewa Annabi yakan yi alwala da mudu ɗaya, wato cikin tafin hannu biyu na matsakaicin mutum, ya yi wanka da sa'i ɗaya zuwa mudu biyar. Mu kuwa sai a dafa bokiti guda don alwala. Ana iya ajiye ruwa a rana ya yi ɗumi. Wasu malamai, musamman Shafi'awa, sun karhanta ruwan da rana ta dafa a mazubin ƙarfe a ƙasa mai zafi, wasu kuma ba su ga laifinsa ba. Mai son fita daga saɓani sai ya yi amfani da mazubin roba ko na ƙasa. Amma ina gargaɗi da babbar murya, kada tsimi ya sa a shigar da kaskon gawayi ko janareto ɗaki a rufe ƙofa da taga. Iskar da ke fita daga gare su ba ta da launi, ba ta da wari, tana kashe mutane cikin barci.

Kada kuma wani maigida ya yanke wannan shafi ya kai wa iyalinsa don ya sami hujjar ƙuntata musu. Suratul Furƙani, aya ta 67, ta yabi waɗanda ba sa ɓarna kuma ba sa ƙwauro. Shehu Halil a Muhtasar ɗinsa ya ambaci itacen girki tare da ruwa da mai da gishiri cikin abin da ya wajaba miji ya ba matarsa. Wanda ya hana kuɗin gawayi, ya bar matarsa tana hura leda da tsumma, alhali janaretonsa na ruri har ƙarfe ɗayan dare don kallon ƙwallo, wannan ba tsimi yake yi ba. Haka nan fitilar da ɗalibi ke karatu da ita, da wadda ke haskaka lungu don masu zuwa sallar Asuba, da fankar majinyaci, ba a kashe su. Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, ta ce akan ga jinjirin wata uku cikin wata biyu ba a hura wuta a gidajen Annabi ba, dabino da ruwa kawai, sai ɗan madarar da maƙwabta Ansaru kan aiko. Ba a ce mu yi haka ba, an dai so mu ji kunya idan muka zubar da tuwon da aka ƙona dami guda wajen tuƙa shi.

In Allah ya kai mu mako mai zuwa za mu koma kan darasinmu na hukunce-hukuncen ruwa, mu amsa tambayar da wani mai karatu ya aiko game da alwala da ruwan rijiyar da ganye ya canja wa launi. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.