Majigi da Sikelin Gyaɗa

Majigi ba ya buƙatar gini. Mota ce da janareta da farin ƙyalle da lasifika, sai filin ƙofar fada bayan lisha. Da haka gwamnatin Jihar Arewa ta riƙa zagaya larduna da finafinanta, har Lardin Sakkwato, inda Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi suke a wancan zamani.

Salon ya girmi mulkin Sardauna. William Sellers, wani jami'in tsafta a Legas da aka ɗora kan sashen fim na mulkin mallaka a 1939, shi ya shimfiɗa ƙa'ida: kyamara ta zauna wuri ɗaya, hoto ya daɗe, kada a cika tarkace, wai kan baƙar fata ba zai ɗauka ba. Labarin ma kusan kullum ɗaya ne. Manoma biyu, mai wayo ya bi maganar malamin gona ya cika rumbu, mai taurin kai ya tashi a tutar babu. Gwanin daren kuwa shi ne mai bayani, wanda ke riƙe da lasifika yana sa wa hotuna Hausa, yana ɗan ƙara gishiri don yara su yi shewa.

To, a duba nan. A 1929 layin dogo ya iso Ƙaura ya tsaya, gyaɗa da auduga ya zo ɗauka. Majigi zai nuna maka shuka a layi, da buhuna, da dalar gyaɗa a Kano. Amma gaban sikeli, inda manomi ke karɓar farashin da hukumar ciniki ta yanke ba da shawararsa ba, kyamara ba ta cika tsayawa ba. Shi ma mai taurin kan nan da wuya a bar shi ya faɗi hujjarsa. Ƙila irin ne ya ƙare, ƙila haraji ne ya cinye kuɗin taki.

Ba za a ce aikin banza ba ne. A wannan makaranta ta majigi Adamu Halilu ya goge, har ya shirya fim ɗin Shaihu Umar a 1976. Sai dai ɗabi'ar ma an gaje ta. Kunna talabijin ɗin kowace jiha ranar shirin ayyukan gwamna: murya daga sama tana lissafa rijiyoyin burtsatse, mata na guɗa, dattijo na godiya. Wanda famfon unguwarsu ya ƙafe, sai dai ya ɗauki bidiyonsa da waya ya tura WhatsApp.