Neman Asali: Ina Iyakarsa a Shari'a?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

A ƙasar Hausa ta dauri ba a san sunan dangi irin na Turawa ba. Mutum shi ne wane ɗan wane, sai a ƙara masa sana'a ko gari. Makarantar boko ce ta nemi suna na biyu don rajista, yara da yawa kuwa suka ba da sunan garinsu, kamar su Malam Aminu Kano da Alhaji Shehu Shagari. Saboda haka wanda ke amsa Illo ko Ka'oje ko Zagga, sunan nan gari ya nuna, bai nuna kaka ba.

A yankin Bagudo abin ya fi haka sarƙewa. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta raba ƙasar Bargu biyu: Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila. Aka wayi gari 'yan'uwan juna, wannan a Lolo, wancan a tsallaken iyaka cikin Dahome, wadda ta zama Benin a 1975, ana rubuta sunan kakansu guda da haruffa iri biyu. Mai bin diddigi zai samu rahotannin haraji na joji-joji a ma'ajiyar tarihi ta Kaduna, amma ya tuna cewa Bature ya rubuta abin da tafinta ya faɗa masa ne, tafinta kuwa abin da fada ta so a ji. Rajistar alƙalai ta fi amana, domin wurin rabon gado ba a barin sunan magaji ya salwanta.

To, shin neman nan halal ne? Halal ne, har abin so ne, matuƙar don sada zumunci da sanin muharrami da magaji aka yi shi. Sayyidina Abubakar (R.A.) ya shahara da sanin nasabar Larabawa, Malam Abdullahi na Gwandu kuma ya rubuta salsalar gidansu a Ida'un Nusukh har zuwa Musa Jakollo.

Wahalar tana ga abin da aka tono. Gidajen sarautar Illo da Busa da Nikki suna jingina asalinsu ga Kisra, wanda labarin ya ce ya baro gabas ne don ya ƙi karɓar Musulunci. Jikansa Musulmi ba zai yi alfahari da ƙin ba, kuma ba a yi masa izinin canja kaka ba. Wani kuwa zai tarar an kawo kakansa ne a igiya, cikin ayarin fataken Gwanja. Nan ne zuciya ke raya masa ya shafe sunan, ya ƙirƙiro sharifantaka. Aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta yi umarni a kira mutane da ubanninsu, hadisi ingantacce kuma ya yi kashedi mai tsanani ga wanda ya jingina kansa ga wanin ubansa yana sane. Bai zama dole ya yi shela a kasuwa ba. Shiru daban, ƙarya daban.

Wanda ya fi shi shiga haɗari shi ne maƙwabcin da ya binciko asalin wani, ya ajiye a aljihu sai ranar neman aure ko takarar sarauta. Annabi (S.A.W.) ya lissafa sukar nasaba cikin al'adun jahiliyya da za su wanzu a al'ummarsa. A garuruwan bakin Kwara, inda Dandawa da Kyangawa da Fulani da Hausawa suka daɗe suna auratayya, mai wannan tonon ba ya nisa kafin ya iso ga kakarsa ta wajen uwa.