Shin Gumi Shaida Ne?

Duk mai fita motsa jiki bayan sallar asuba ya san su. Mutum zai wuce ka a guje sanye da rigar sanyi a tsakiyar watan Afrilu, in ka kasa kunne ma za ka ji ƙarar leda a ƙarƙashin rigar. Mata kuma ga bel ɗin roba da ake tallatawa a Instagram da TikTok, a ɗaure ciki tamau a shiga tsalle-tsalle a tsakar ɗaki. Idan an gama sai a matse riga ruwa na tsiyaya, a hau sikeli, a ga kilo guda ya tafi. Ba dariya muka zo yi wa kowa ba. Mu da sana'armu ta rubuta manhaja ta zaunar da mu gaban kwamfuta tun safe har dare, tumbi ya fara gaishe mu tun ba mu kai arba'in ba, da yawanmu mun gwada wannan dabara. Kuma ranar da muka ga lambar ta sauka mun ji daɗi ƙwarai.

Abin da ya dame mu daga baya shi ne: ga abu an gani da ido, sikeli bai yi ƙarya ba, gumin ma na gaske ne. To a ina yaudarar ta shigo?

Muna ganin ta fara ne tun daga harshe. A wurin Bahaushe gumi ba ruwan jiki kawai ba ne. Idan aka ce wane da guminsa ya gina gidan nan, an wanke shi ke nan daga zargin sata. Idan aka ce an ci gumin wani, an ambaci zalunci. Mun taso muna ganin manomi da ɗan dako da maƙeri, kowannensu halalinsa na tsiyaya daga goshinsa. Saboda haka tun kafin mu san komai game da jiki, zuciyarmu ta riga ta yanke hukunci cewa inda aka ga gumi an yi aiki, kuma yawan gumi yawan sakamako. A gona wannan hukunci bai yi nisa da gaskiya ba. Kuskuren da muka yi shi ne da muka ɗauko shi muka kai shi inda za a iya samar da gumin ba tare da aikin ba.

Jiki yana fitar da gumi ne don ya huce, kuma kusan duk abin da ke cikinsa ruwa ne da ɗan gishiri. Wanda ya taɓa shan ruwan randa ya riga ya san yadda abin yake. Randa tana tsattsafo, iska ta busar da damshin da ke bayanta, bushewar nan ita ke janye zafi ta bar ruwan da sanyi. Naɗe randar da leda ka gani, tsattsafon zai taru, amma ruwan ciki ba zai yi sanyi ba. Haka fatar mutum take. Gumin da ya bushe shi ke sanyaya jiki, wanda ya taru a ƙarƙashin roba kuwa asara ce kawai. Jiki ya ji zafi bai ragu ba sai ya ƙara turo wani, ruwa na ƙarewa, zafi na hawa. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne, shi ne kilon da muka gani ya ɓace. Da an sha ruwa an ci abinci, zuwa washegari ya dawo mazauninsa.

Kitse kuwa ta wata ƙofa yake fita, kuma ƙofar ta ba mu mamaki da muka fara jin ta. A shekarar 2014 Ruben Meerman da Andrew Brown suka buga lissafinsu a mujallar likitoci ta BMJ: idan mutum ya ƙona kilo 10 na kitse, kilo 8.4 ta huhu yake fita a matsayin iskar kabon da muke fitarwa in mun numfasa, sauran kilo 1.6 ne ke zama ruwa. Wato ramar da muke nema, numfashi ne ke ɗauke da mafi yawanta, shiru, ba tare da ta jiƙa riga ba. Kuma kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kalori wajen 7,700, abin da gudun safiya ɗaya ba ya kusantar ƙonawa ko da mutum ya sa bargo. Mai ninƙaya a ruwan sanyi yana ƙona abinci sosai ba a ga guminsa ba. Mai zaune cikin motar haya a cunkoson Kano da azahar yana jiƙewa sharkaf bai ƙona komai na kirki ba.

A sana'armu mun san wannan cuta, don mun sha fama da ita. Akwai labarin da masu rubuta manhaja ke yawan ba juna. A 1982 shugabanni a kamfanin Apple suka ce kowane injiniya ya riƙa cike takarda duk mako yana faɗin layi nawa ya rubuta. Bill Atkinson ya sake fasalin wani sashe na manhajar zane, ya sa shi ya fi sauri nesa ba kusa ba, kuma a hanya ya goge layuka kusan dubu biyu. Da aka kawo masa takardar sai ya rubuta -2000. A ma'aunin shugabanni ya yi ɓarna a makon, alhali shi ne ya fi kowa aiki. Masanin tattalin arzikin nan na Ingila, Charles Goodhart, ya lura da irin wannan tun 1975, har ake kiran abin da sunansa: duk ma'aunin da aka mayar da shi abin nema, ya daina auna abin da aka ƙirƙire shi dominsa. Sikeli an yi shi ne ya ba mu labarin jiki. Ranar da muka fara yi wa sikelin aiki, sai muka gano hanya mafi sauri ta faranta masa, wato mu zubar da ruwan jikinmu.

Da abin ya tsaya a ɓata lokaci da sauƙi. Muna da karin magana cewa wuya ba ta kisa, amma irin wannan wuyar ta kashe. Tsakanin 7 ga Nuwamba da 9 ga Disamba 1997, 'yan kokawa uku na jami'o'in Amurka suka mutu a jihohi uku daban, Karolina ta Arewa da Wiskonsin da Mishigan. Shekarunsu 19 da 22 da 21, dukkansu lafiyayyu. Kowannensu yana ƙoƙarin sauke nauyi ne cikin gaggawa kafin a auna shi don gasa: sun ƙaurace wa abinci da ruwa, sun sa kayan roba da iska ba ta ratsawa, sun yi ta motsa jiki a wuri mai zafi. Ɗayansu zafin jikinsa ya kai digiri 42 lokacin da ya cika. Wani kuma naman jikinsa ne ya farfashe, cutar da ke tura dagwalo cikin jini ta toshe ƙoda. A farkon 1998 hukumar wasannin jami'o'in ƙasar, NCAA, ta haramta kayan roba da ɗakin sirace don rage nauyi. A Disamban 2015 ma wani ɗan dambe ɗan ƙasar Sin, Yang Jian Bing, mai shekara 21, ya rasu a Filifin yana wannan fafutuka, kamfanin da ya shirya gasar ya soke tsarin rage nauyi ta hanyar busar da jiki.

Waɗannan matasa ne masu horo, da masu kula da su a kusa. Mu kuwa muna ɗaura ledar ne a garuruwan da zafin bazara ke haura digiri 40 a inuwa, wani yana da hawan jini bai sani ba, wata tana shayarwa, wani ma da azumi a bakinsa. Jiri da ciwon kai da tashin zuciya da ruɗewa, waɗanda su ne gargaɗin jiki, sai mu fassara su da cewa aiki na ci.

Sai batun masu sayarwa, wanda ya fi ci mana tuwo a ƙwarya. Mai tallar bel zai iya rantsuwa bai yi ƙarya ba. Ya ce za ki yi gumi, kin yi. Ya ce sikeli zai sauka, ya sauka. Kowace jimla tasa gaskiya ce, amma abin da ya bari ki fahimta ƙarya ne, kuma ya san da haka, domin da fahimtar taki yake cin abinci. A ganinmu wannan ya fi ƙarya tsirara muni, saboda ita ƙarya tsirara ana iya kama ta, wannan kuwa ke da kanki za ki zama shaidarsa. Kuma kada mu tsame kanmu. Irinmu ne ke gina manhajojin da ke tafa wa mutum in lambarsa ta sauka yau, ba tare da sun tambaye shi me ya sauka ba. Mun san jadawalin da ke motsi kullum ya fi riƙe mutum a waya fiye da wanda ke motsi sau ɗaya a wata, shi ya sa muke nuna na kullum ɗin.

Akwai mai cewa: to in gumin ne ke ƙarfafa wa mutum gwiwa ya ci gaba da fita, ina laifi? Ƙaramar yaudara da ta kai ga alheri ba ta fi gaskiyar da ta bar shi a kwance ba? Hujjar tana da nauyi, kuma gaskiya ne cewa 'yan wasa kan yi horo cikin zafi da gangan don jikinsu ya saba kafin gasa a ƙasa mai zafi, a ƙarƙashin kulawa, da ruwa a hannu. Amma ga mai neman rage ƙiba lissafin ba ya fita. Wanda jikinsa ya rasa ruwan da ya kai kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, ƙarfinsa ya fara raguwa ke nan. Zai gaji da wuri, ya tsaya a minti ashirin inda da zai yi arba'in, ya ƙona ƙasa da abin da zai ƙona da riga mara nauyi. Sannan bayan mako uku, idan ya ga kilon nan yana tafiya yana dawowa kamar ɗan aike, abin da zai ce shi ne motsa jiki ba ya yi masa aiki. Mun ga waɗanda suka daina fita gaba ɗaya saboda haka, suka koma neman shayin rage tumbi.

Wataƙila abin da ya fi yi mana wuyar haɗiya shi ne cewa hanyar da ke aiki ba ta da abin nunawa. Rage cokalin sukari a shayi, barin lemon kwalba, tafiyar rabin awa da yamma, barci da wuri, wata shida ana abu ɗaya. Babu hoton da za a ɗora, babu rigar da za a matse. Mu kuma muna son wahalarmu ta zama mai shaida, ko don mu gamsar da kanmu cewa mun biya farashi. Har muna jin kamar wanda ya rame ba tare da ya sha wuya a bainar jama'a ba ya yi maguɗi.

Abin ban sha'awa, masu horar da 'yan wasa su ma suna auna mutum kafin atisaye da bayansa, da irin sikelin da ke ɗakunanmu. Idan suka ga kilo ɗaya ya ragu, ba sa rubuta shi a shafin nasara. Bashi suke ɗaukarsa, su miƙa wa ɗan wasan gora, su ce ya sha wajen lita ɗaya da rabi a hankali kafin atisaye na gaba.