Amanar Karatun Samarinmu a Ƙasar Baƙunci

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, kwanan baya wani dattijo a masallacinmu na Bronx ya kawo mini ɗansa mai shekara 16, wanda ya iso daga Yamai shekara biyu da suka wuce. Yaron ya haddace izu 20, Turanci kuma yana zuba a bakinsa. Na buɗe masa littafin tarihin ajinsu, sai ya kasa faɗa mini abin da shafi guda ya ƙunsa. Mahaifinsa ya sunkuyar da kai, domin ya ɗauka wanda ya iya hira ya iya karatu.

Da yawa daga cikinmu haka muka ɗauka. Masana koyar da harshe sun nuna cewa Turancin hira kan samu cikin kimanin shekara biyu, amma na littafi da jarrabawa yana cin shekara biyar zuwa bakwai. Wanda ya shigo sakandare da girmansa, lokaci ya ƙure masa tun daga farko.

Mu tuna, bayan yaƙin Badar, a shekara ta 2 bayan Hijira, wasu fursunoni sun fanshi kansu da koya wa yaran Madina rubutu. Manzon Allah (SAW) ya kuma umarci Zaidu ɗan Sabitu, yana saurayi, ya koyi rubutun Yahudawa, ya zama mai karanta masa wasiƙunsu. Ashe koyon karatu da harshen waɗanda ake zaune da su yana da asali a Sunna.

Don haka ina kira ga iyaye: ku je taron malamai, ku nemi tafinta, hakkinku ne. A New York ɗalibi yana da damar zama a makarantar gwamnati har shekara 21, kada a cire shi saboda aikin kanti. Katin ɗakin karatu na birni kyauta ne. Ku sa yaro ya karanta, sannan ya bayyana muku da Hausa. Abin da ya iya fassarawa ya fahimce shi. 'Yan jami'a kuma su ba ƙannensu awa guda kowace Asabar a masallaci, bayan darasin Alƙur'ani.

Za a tambaye mu game da waɗannan yara ranar Alƙiyama. Allah Ya buɗe ƙirazansu, Ya ba mu ikon sauke amana. Amin.