Duniya Tasha Ce, Ba Gida Ba

Ya ku manoman rani na Kura da Bunkure, masu sammako zuwa bakin kanal tun raɓa ba ta bushe ba, ga tunatarwa daga tarihin jirgin ƙasa.

A 1911 dogo ya iso Kano daga Baro, ya ratsa Madobi da Challawa, nan maƙwabtanku. Ba a jima ba aka shimfiɗa wani ƙaramin layi daga Zariya zuwa tsaunukan Jos domin kwaso kuza. Siririn dogo ne, faɗinsa ƙafa biyu da rabi. Ya kai Rahama a 1912, ya kai Bukuru a 1914, tafiyar mil 143. Jirgin kan hau tudu yana nishi yana aman hayaƙi, ciki maƙil da 'yan ci-rani masu neman aikin haƙar kuza, kowa rungume da ƙunshin kayansa. A wancan zamanin, shugaban tasha babban mutum ne: sai ya ɗaga tuta jirgi ke motsi.

A 1927 babban layi ya iso Jos ta Kafanchan, kaya suka koma can. A 1957 aka rufe ƙaramin layin, aka kwashe ƙarafansa. Shekara 45 kawai ya yi, alhali da baƙin ƙarfe aka yi shi. Abin da ya saura na kan jirgin yana gidan tarihi na Jos, yara na kallo. To, ina shugaban tashar? Ina mai busa usur, ina mai yankan tikiti, ina yarinyar da ke miƙa ƙosai ta taga? Haka dalar gyaɗa ta Kano, wadda jirgi ya yi shekaru yana kwasa, ta zama labari. Alhaji Alhassan Ɗantata da ya shahara da ita ya rasu tun 1955. Mutuwa rigar kowa ce, ba ta duba girman rumbu.

Idan ƙarfe bai dawwama ba, ina ga ɗan Adam, tsoka da jini? Zamanmu a nan zaman tasha ne. Kowa na riƙe da tikitinsa, babu wanda aka faɗa wa lokacin tashi, kuma ba a shiga da buhun shinkafa ko kwandon tumatir.

Amma akwai abin da ke wanzuwa bayan mai shi. Gwamna Audu Baƙo ya gina madatsar Tiga, aka kammala ta a 1974, shi kuwa ya koma ga Ubangijinsa a 1980. Har yau ruwan na gangarowa Kadawa, yana shayar da alkama da shinkafa da albasa, injinan casa na Kura na ta ruri, motoci na lodi a Kwanar Gafan. Mutane nawa ne suka ci suka ƙoshi daga wannan ruwa ba su taɓa ganin fuskarsa ba? Irin wannan ne guzurin da ke bin mutum kabari.

Don haka, ɗan'uwa, kada ka toshe ruwa cikin dare ka bar gonar na ƙasa da kai tana ƙuna. Kada ka ci iyakar maraya don taku biyu na ƙasa, kai da za a ba ka ramin da bai kai kunya ɗaya tsawo ba. Biya ɗan ƙodago haƙƙinsa ranar da ya yi aiki. Kada ka jera manyan tumatir a saman kwando ka ɓoye ruɓaɓɓe a ƙasa. Fitar da zakkar amfanin gonarka, ka biya bashin taki, ka nemi gafarar wanda kuka yi sa-in-sa a bakin kanal, yau ɗin nan, kada ka ce sai bayan girbi. Manoma nawa suka yi shuka bara, magada suka yi girbi?

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya sa mu cika da imani, Ya sa abin da muka shuka ya amfani na baya. Amin.